Ranar Da Maigidana Ya Kwashe Takalman Asibiti

A asibitin ƙauyenmu da ke bayan Karshi, mutum ba ya tsayawa a layi. Takalminsa ne ke tsaya masa. Da gari ya waye sai ka zo ka cire ƙafa ɗaya ka ajiye a bayan na wanda ya riga ka, tun daga bakin ƙofa har gindin mangwaro, ka koma inuwa ka zauna. Sista Rosemary, wadda ita kaɗai ke riƙe da asibitin, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambaya a kunne abin da ke damun mutum, ta rubuta a 'yar takarda da Turanci: irin takalmin da irin ciwon. Ba ta sa suna. Takardun take jera wa likita. In takalminka ya kai bakin ƙofa, ka je ka zura abinka ka shiga. Babu wanda ya san abin da ya kawo wani.

Likita Zacharias sau ɗaya yake zuwa a wata, Alhamis ɗin farko. Ƙarfe ɗaya na rana yake tafiya, don yana da wani ƙauyen kafin ya je ya faɗa gosulon Nyanya, cunkoson motocin nan. Wanda ya rasa shi, sai wani watan.

Lokacin ina da ciki wata huɗu, na fari, kuma ban gaya wa maigidana ba. Sau uku ina buɗe baki kunya tana rufe mini shi. Sista ce kawai ta sani, sai maƙwabciyata Mama Lydia, manomiyar doya mai jikoki bakwai. Jiri ya dame ni, ƙafafuna suka kumbura. Sista ta danna ƙafar da yatsa ta ce, "Lantana, wannan na likita ne. Kada ki yarda ya wuce ki wannan watan, kin ji ni?"

Mama Lydia ce ta kawo dabara. Ta ce za ta ajiye koren silifanta a layi a madadina, ni kuma in ce rakiya na yi mata. In silifan ya kai ƙofa mu shiga tare. Haka aka yi. Mu ne na huɗu.

Saura maigidana. Mutane suna kiransa Ɗangoggo. Ya yi wata biyu a wani asibitin kuɗi a Jabi yana buɗe wa motoci get. Tun da ya dawo ba a isa a yi tari a gabansa ba, sai ya ce, "Mu a Jabi..." Ya dami kwamitin lafiya na gari har suka ɗauke shi ɗan sa-kai, ya riƙa shara, ɗiban ruwa da kama hannun tsofaffi a matakala. Rannan ya fito da wata farar riga mai kai wa gwiwa da ya samo a gwanjon Nyanya, ga buhu a hammata, ga lasifika irin ta masu talla rataye a kafaɗa.

Ya gan ni ya ce, "Ke kuma fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Mama na rako."

"Madalla. Zauna ki ga aikin mijinki."

Ba a jima ba aka shigo da wata mata, Monica, a bayan babur tana naƙuda. Likita, da isowarsa ke nan, bai ko ajiye jaka ba suka yi ɗakin baya da ita. Sista ta dawo da gudu ta ɗora takardun a kan benci ta danne da dutse.

"Ɗangoggo, ka kula da layi. Kada ka taɓa komai. Ido kawai."

"Haba Sista, mu a Jabi..."

Ta riga ta shige.

Ya tsaya ya dubi layin takalma, ya girgiza kai kamar ya ga abin kunya. Sai ya buɗe buhu ya fara tsince su.

Baba Badamasi, Bakatsine mai shagon tireda, ya miƙe. "Kai, ɗan nan, ina za ka kai mana takalma?"

"Baba, nan asibiti ne ko kasuwar takalma? Yau za ku ga sistem. Lamba za a raba, kamar a Jabi."

Wata mata ta ce, "Ni ce ta biyu fa!"

"Lamba za ta tabbatar miki."

Ina kallo koren silifa ya faɗa buhu.

Ya zaro lambobin daga aljihu. Sai a nan na gane inda kalandar ɗakinmu ta tafi: ya yanka kwanakinta da reza, ɗai-ɗai. Ya bi mutane yana rabawa, ba bisa wanda ya riga zuwa ba, bisa wanda ya fi kusa da hannunsa. Mama Lydia ta samu ashirin da shida. Ya ɗaure igiya a bakin ƙofa ya tsaya a bayanta, ya ɗaga lasifika ya danna.

Sai muka ji wata murya ba tasa ba ta cika filin: "Ina mai basir! Ina mai sanyin mara! Ina wanda asibiti ta gaza! Ga magani sha yanzu..."

Ashe a wurin mai maganin gargajiya na tasha ya aro ta, tallan yana ciki. Ya danna nan, ya danna can, muryar ta ƙara ƙarfi. Sista ta leƙo ta tagar ɗakin haihuwa, hannunta sanye da safa.

"Wane ne ke tallan magani a ƙofar asibitina?"

"Gwaji ne, Sista!"

Ya buga lasifikar a cinya ta yi shiru. Ya gyara murya. "Lamba ɗaya!"

Mutum uku suka miƙe.

"Na ce ɗaya!"

"Ga ta," in ji wani tsoho.

"Ga tawa," in ji wata mai goyo.

Na ukun ma ya ɗaga tasa. Shafi uku maigidana ya yanka daga kalandar, kuma kowane wata yana da ɗayansa.

Ya karɓa ya duba su da kyau. "Ba matsala. Taka ta watan Mayu ce, tata ta Yuni. Mayu ne gaba."

"Ta ina ka gane tawa Yuni ce?"

"Aikina ne."

"Likitan get!" wata ta faɗa daga baya. Dariya ta tashi.

Ya juya. "Wa ya ce haka?"

Kowa na kallon mangwaro.

Kafin a raba rigimar masu ɗaya, masu biyu sun kaure, su ma uku. Wani jariri ya cinye lamba tara, uwarsa ta zo tana nuna wa maigidana bakin yaron a matsayin shaida. Mijin Mama Lydia, Baba Thaddeus, wanda ya zo a duba masa gwiwa, ya riƙe tasa yana tambayar kowa, "Wannan nawa ne? Ni ban zo da gilas ba." Kowa ya gaya masa daban.

Ana cikin haka muka ji kukan jariri daga ɗakin baya. Mata suka yi guɗa. Can likita ya fito yana goge hannu, ya shiga ɗakinsa ya ce, "A fara shigowa." Na dubi inuwar mangwaro, ta tattare zuwa gindi. Sha ɗaya ta wuce.

Maigidana ya zuba lambobin da suka rage a aljihu. "Jama'a, tunda ba ku waye da lamba ba, akwai mataki na biyu." Ya ɗage dutsen Sista ya kwashi takardun. Iska ta ɗebe rabi, ya bi su yana takewa da ƙafa, ya tattaro ya haɗa yadda suka zo.

Mama Lydia ta ce, "Ɗana, wannan takarda na Sista ne. Ka bar shi."

"Mama, Turanci ne a ciki. In ban karanta ba wa zai karanta? A Jabi ba a kiran sunan mara lafiya, sirri ne. Ciwo zan kira, mai shi ya taso."

Ya sa baki a lasifika. "Ciwon haƙori!"

Wani ya taso riƙe da kunci, aka ɗage masa igiya. "Tari!" Wata ta shiga. "Zazzaɓi!" "Saran fartanya a ƙafa!" Mutum kusan goma suka shiga suka fito. Maigidana ya fara taku kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ya waiwayo ni ya ɗaga gira. Ni dai ina ta addu'a a zuci.

Sai ya kai ga sauran.

"Basir! Mai basir, wata uku yana zubar jini!"

Shiru.

"Mai basir, likita na jira!"

Baba Badamasi ya fito da carbi ya fara ja. Tun safe a gefe ɗaya na ɗuwawu yake zaune.

"To, mu wuce. Fitsarin kwance, babban mutum!"

Shiru. Har akuyar da ke cin ɓawon mangwaro ta ɗago kai.

"Ƙaiƙayi a... a wurin da ba a faɗa!"

Wata tsohuwa ta ce, "Ai ka faɗa."

"Jama'a, ciwo ba abin kunya ba ne! Mu a Jabi manyan mutane da jip suke zuwa da irin wannan!"

"Kai kake duba su, ko get ɗin?"

"Duk wanda zai ga likita ta hannuna yake bi!"

Baba Badamasi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaro, ka bar kiran nan. Mai shi wataƙila ya tafi gida."

"Ka san shi ne, Baba?"

"Ina zan san shi? Ni hira na zo."

"Da takalmi ƙafa ɗaya?"

Da maigidana ya faɗi haka sai ya tsaya. Ya sake duban takardar. Fuskarsa ta washe, ni kuma na san wannan fuskar.

"Allahu akbar! Ashe Sista ta rubuta takalmin kowa! Shi ke nan, an gama. In ciro takalmi a buhu, in nemo ɗan'uwansa a ƙafa."

Ban taɓa ganin mutane sun yi abu ɗaya a lokaci ɗaya haka ba. Kafin ya kwance bakin buhu, kowa ya tuɓe ƙafar da ta rage. Mata suka tura a zani, maza a aljihun riga, wani ya zauna a kan nasa. Baba Badamasi ya wurga nasa bayan katanga, muka ji kaza ta yi kuka. Mutum talatin, duk ƙafa a ƙasa, kowa ya haɗe rai.

Maigidana ya ciro baƙin takalmin fata ya ɗaga. "Na wane ne wannan?"

Babu mai shi.

"Sabo ne fa! Mai kyau!"

Baba Badamasi ya ce, "Allah ya ba mai rabo."

Ya bi layi yana gwada wa mutane a ƙafa kamar mai talla. Wata ta ce in ya taɓa mata ƙafa sai mijinta ya ji. Wani saurayi da ya rako kakarsa, takalmin ya yi masa daidai, maigidana ya kama shi zai kai wa likita a kan basir, sai da kakar ta bi su da sanda.

Likita ya fito baranda rataye da jakarsa. Mutum ne mai sanyin hali. Ya dubi agogo ya ce, "Ba sauran mara lafiya? Mun gode Allah, garin nan akwai lafiya. Sauran minti ashirin, bari in fara haɗa kaya."

Ya nufi motarsa. Sista tana ciki da mai jego. Na kama hannun Mama Lydia na matse.

Maigidana ya ga aikinsa zai tashi a banza. Ya zari wata takarda da sauri, ya lalubo buhu, ya ɗaga koren silifa sama, ya ƙure lasifika.

"Koren silifa, an ɗaure shi da waya! Ciki wata huɗu! Jiri da kumburin ƙafa! Sista ta ja layi biyu a ƙasa, ma'ana da gaggawa!"

Baba Thaddeus, wanda ba ya ganin lamba a tafin hannunsa, ya hango silifan daga nesa.

"Wannan waya ni na ɗaura shi." Ya juyo a hankali. "Lydia?"

Mama Lydia ta ce, "Mene?"

"Takalminki ne."

"Na ga shi."

"Lydia! Wata huɗu? Jikoki bakwai, Lydia! Me zan gaya ma fasto? Me zan gaya ma yara?"

Mata suka fara tafi. Wata ta ce, "Baba, ashe gwiwar ce kawai ta lalace!" Baba Thaddeus ya dafe kai, sai kuma na ga yana ɗan murmushi yana gyara wuyan riga.

Mama Lydia ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "To, in nawa ne, ina ruwan wani? Ɗangoggo, buɗe igiya mu shiga ni da 'yar rakiyana."

"Mara lafiya kaɗai ke shiga, Mama. Doka ce. A Jabi 'yan rakiya waje suke tsayawa." Ya juya ga jama'a, don ya samu abin wa'azi. "Kun gani ko? Mace wata huɗu da ciki, miji yana gida ɗaya da ita bai sani ba! Irin mazan ƙauye ke nan. Ƙafarta ta kumbura, jiri na ɗibarta, kai kana ina? Wane irin miji ne wannan? Baba Thaddeus, da girmanka, amma wallahi ka ji kunya!"

"Ni ban sani ba, ɗana."

"Ai shi ne laifin! Ni mace ta gifta ta gabana sau ɗaya, na gaya maka watanninta!"

Na ji an rufe but ɗin mota. Likita ya buɗe ƙofar gaba.

Na tuna yatsan Sista, yadda ya lotsa a ƙafata wurin bai taso ba. Na ja hijabi na rufe rabin fuska, na miƙe. Daga benci zuwa igiya bai fi taku goma ba, amma na ji kamar na je garin Uke a ƙasa. Na miƙa hannu na kama silifan.

Maigidana ya ce a lasifika, "Lantana, koma ki zauna, na ce ban da 'yan rakiya."

Na ce, "Nawa ne."

"Na Mama ne, ga waya."

"Takalmin nata ne." Na dafa cikina. "Sauran nawa ne."

Bakin lasifikar yana kusa da ni. Har masu sayar da doya a bakin hanya sun ji.

Sai Baba Thaddeus ya tashi, gwiwar da ya zo da ita ta warke nan take, ya tako har gaban maigidana.

"Ɗana, ka ce wane irin miji?"

Abin da ya biyo baya ban iya kwatanta shi. Wata mata ta faɗo daga benci don dariya. Baba Badamasi ya manta ya zauna daidai, ya yi ƙara ya miƙe, amma bai daina dariya ba. Tsohuwar nan tana ta cewa, "Gaya mana watanninta, likitan get! Ta gifta, gaya mana!" Maigidana yana tsaye, baki buɗe, yana duban fuskata, yana duban ƙafafuna, kamar yau aka kawo masa ni.

Sista Rosemary ta fito. Ta dubi buhu, ta dubi igiya, ta dubi takardunta a hannunsa, ta dubi mutum talatin ba takalmi. Ta ƙwala kira, "Dakta! Dawo, don Allah. Wannan ita ce na gaya maka." Ta tsinke igiyar da hannu ɗaya ta ja ni ciki.

Likita ya auna ni sau biyu. Ya ce jinina ya hau, ba sosai ba, amma da an bar shi wata guda da labari ya canza. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce Sista ta riƙa auna ni duk mako, in rage gishiri, ban da ɗaukar ruwa, ban da daka. Ya sa mini wani abu a ciki, na ji bugu da sauri-sauri, fat-fat-fat. Ya ce, "Kin ji mutumin? Lafiyarsa ƙalau." Na rufe fuska.

Ya ce zai ƙara awa ɗaya saboda sauran, gosulo ya yi abin da zai yi. Da na fito na tarar Sista ta sa maigidana ya juye buhun. Yana durƙushe a rana, farar rigar ta zama ja da ƙasa, yana jera takalma, mata suna ba shi umarni.

"Ba nan ba, bayan shuɗin!"

"Nawa ne gaba da na Hajiya!"

"A Jabi haka ake durƙusawa?"

Baƙin takalmin fata ya kai bakin ƙofa. Baba Badamasi ya ce tunda babu mai shi bari ya gwada, ya zura, ya ce bari ya shiga ya gaida likita.

Da la'asar muka kama hanyar gida. Maigidana ya karɓe mini jakar magani, ya karɓe 'yar robar ruwan da ke hannuna, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar ƙwai. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce, "Barka, Ɗangoggo, mun ji a lasifika." Bai ce mu a Jabi ba ko sau ɗaya. Sai da muka wuce rijiya, ba kowa, ya tsaya.

"Lantana."

"Na'am."

"Wata huɗu. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na dubi ƙasa na ce, "Tsoro na ji kada ka gaya wa mutane."